Baƙon Ruwan Gishiri

Daga Ikko ya zo, cikin leda ɗaure da roba,
leda cikin kwali, kwali a bayan mota,
kwana da yini yana jin gurnanin titi a ƙarƙashinsa.
Da na kwance bakin ledar a Runjin Sambo
ban ga kifi ba.
Walƙiya na gani, ruwan ɗorawa,
ta shige bayan dutse. Shi ke nan.

Yau kwana shida.

Na auna masa gishiri yadda nake auna magani
shekara talatin a bayan tagar asibiti.
Ba na Bilma ba ne, ba na miya ba,
teku ce aka busar aka ɗura a buhu,
na kaɗa ta a bokiti da muciyar gidana.
Mu nan ba mu san teku ba
sai a bakin alhazai, ta tagar jirgi.

Bazara ta hau arba'in da huɗu.
Ina sayen ƙanƙara wurin Arzika mai firiza,
in sa ta a gora, ta yi iyo a saman tanki,
ni kuwa in sha ruwan randa.
In an ɗauke wuta, batirin nasa ne,
fankata ta tsaya, kumfarsa ta ci gaba.

Tsofaffin biyu, masu ratsin fari,
har yatsana suke tsinka don rashin ta ido.
Shi ko, ido ɗaya kawai,
ɗigon baƙi a tsagar dutse,
yana ƙirga ni kamar mai bin sa bashi.

Kulu jikata ta ƙwanƙwasa gilashi:
“Kaka, ko ya mutu ne?”
Na kama ɗan hannunta.
Abin da yake sallama a wurinki,
a wurinsa aradu ce.

Nomau Basarke ya biyo daga Kwalkwalawa
da ƙarnin ragon ruwa a hannun rigarsa,
ya leƙa, ya leƙa, ya yi dariya har da tari:
“Malam, wanga kihi naka ko miya bai yi.
Wanda yaƙ ƙi hitowa, taru mu ka sa mai.”
Na ba shi ruwa, na ba shi gaskiya rabi.

Daren nan sai Kalaba ta faɗo mini.
Ina ɗan ashirin da huɗu, da kakin bautar ƙasa,
ruwan sama ba ya ɗaukewa,
ba wanda ya iya kiran sunana daidai.
Kwana uku na kulle ɗaki ina cin ƙuli-ƙulin guzuri.
Mai gidan, tsohuwa Mma Arit,
ba ta taɓa buga ƙofa ba.
Kwano take ajiyewa a dokin ƙofa,
in ji silifas ɗinta yana nisa, yana nisa.
Tafiyar tata ce ta fito da ni,
ba shinkafar ba.

Sai na rage fitila.
Na rufe gefen tanki da tsohon zane.
Na jawo kujerata baya taku biyar.
In na zuba abinci kusa da dutsen
sai in juya, in kama gyaran rediyon da bai lalace ba.

Yau da asuba, na dawo daga masallaci,
ba wuta, sai ɗan hasken taga,
ga shi a fili,
faɗinsa bai kai tafin hannun Kulu ba,
yana tsintar gansakuka a jikin dutse
da ɗan tsukakken bakinsa,
a hankali, kamar mai karanta ƙananan haruffa.

Takalmi ɗaya a ƙafata, ɗaya a hannu.
Tari ya taso mini, na haɗiye shi.
Na kafa ido a kan kalandar bara da ke bango
ina kallonsa ta wutsiyar ido,
har ƙafata ta yi tsami.

Ban gaya wa Kulu ba tukuna.
Za ta zo da gudu.